Kafin ka sayi tsohuwar bindigar soja, fara sanin halinta

A Amurka, sayen ƙananan bindigogin da sojoji suka daina amfani da su harka ce mai dokarta. Bindigar da ta kai shekara 50 ana ɗaukarta kayan tarihi, kuma hukumar ATF, mai kula da harkar bindigogi a ƙasar, tana ba masu tara irinsu lasisi na shekara uku a kan dala 30. Tun 2018 ma ƙungiyar CMP, mai koya wa fararen hula harbi, ke sayar wa 'yan ƙasa M1911, wadda ita ce ƙaramar bindigar sojan Amurka daga 1911 har 1985. Ƙofa a buɗe take. Abin da ke damuna shi ne yawan masu shiga da kuɗi a hannu ba tare da sun san abin da za su ɗauka ba.

A fara da harsashi, don a nan ne rashin sani ke cin yatsu. Mutum zai ji an ce "milimita 9" ya ɗauka duk ɗaya ne. Makarov ta Tarayyar Soviet 9x18 take ci, Luger ta Jamus 9x19, Astra 400 ta Sifen kuwa 9x23, wato tsawon kwanson harsashin kowace daban ne. Wani harsashin zai shiga inda ba nasa ba, kuma shigarsa ba ta nufin ya dace.

Labarin Webley Mark VI ta Birtaniya ya fi tayar mini da hankali. An ƙera ta ne don harsashin .455, wanda ƙarfinsa matsakaici ne. Da aka kwaso su zuwa Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, dillalai suka riƙa aske bayan gangar da ake jera harsasai a ciki don ta karɓi harsashin .45 ACP, wanda ya fi samuwa a can. Matsalar ita ce wannan harsashin ya fi ƙarfin abin da aka gina ƙarfen ya ɗauka. Wanda ya sani zai duba lambar da ke jikin gangar, in ya ga an yanke ƙasan lambobin, ya gane an taɓa ta. Wanda bai sani ba zai yi ta harbawa da murna, ƙarfe yana gajiya a hannunsa.

Kowace kuma da nata aibin. Nambu samfurin 94 ta Japan tana iya tashi in an danna wani ƙarfe da ke gefenta, ko da ba a taɓa kunama ba. CZ 52 ta Czechoslovakia an santa da karyewar allurar da ke bugun harsashi in ana danna kunama babu komai a ciki. Tokarev TT-33 ba ta zo da makullin kariya na hannu ba, waɗanda ake gani a jikin wasu daga baya aka liƙa su don cika sharaɗin shigo da makamai Amurka, kuma ba duka ne abin dogaro ba.

Sai tsatsa. Tsofaffin harsasan soja da yawa suna barin wani gishiri a cikin bututu, gishirin ya jawo danshi. Man goge bindiga kaɗai ba ya fitar da shi, sai an wanke da ruwa. Haska fitila ta baya ka leƙa ta baki: in ka ga cikin ya yi duhu da ƙananan ramuka, wani ya harba ya ajiye bai wanke ba.

Ta fannin kuɗi kuwa, a Luger ana buga lambobi biyu na ƙarshe na lambar bindigar a jikin ƙananan sassanta. In suka saɓa, darajarta ta faɗi. Masu buga hatimin sojan Jamus na bogi kuma suna nan, suna jiran wanda bai taɓa ganin na gaske ba.

Akwai masu cewa ka saya yanzu ka koya daga baya, tunda kayan ƙarewa suke yi, farashi kuma hawa yake. Maganarsu da ƙamshin gaskiya, amma cinikin biri a sama ne, kuma mai sayarwa ne yake amfana da gaggawarka. Ni dai shawarata, a zaɓi samfuri ɗaya a karance shi sosai, a tabbatar da abin da dokar wurin da ake zaune ta yarda da shi, sannan a kai wa ƙwararren mai gyaran bindiga ya duba ta kafin harbin farko.