Ƙarin kuɗin da ke fitowa a rasit ba aringizo ba ne

Yana damuna yadda ake cewa manyan gidajen abinci na Legas suna yi wa mutane aringizo, don kuɗin rasit ya fi wanda aka gani a takardar farashi. Duk wanda ya ga ƙari babu bayani dole ransa ya sosu. Amma galibi haraji ne. Tun 2020 harajin VAT na tarayya kashi 7.5 ne cikin ɗari, jihar Legas kuma tana karɓar nata kashi 5 a kan abinci da abin sha. Ka ci na naira 20,000, sai rasit ya nuna 22,500.

Wasu wuraren suna ƙara kuɗin hidima. Shi wannan na gidan ne, kuma yawanci an rubuta shi da ƙananan haruffa a ƙasan takardar farashin.