Don ɗan haƙorin roba ya cinye sai in sake sayen bilayin sukutum?

Masu sayar da bilayin na taga a garin nan, wato labulen nan mai fallaye da ake juyawa su buɗe ko su rufe, dan Allah ku ji tsoron Allah. Abin da kuke mana ba ciniki ba ne, wallahi zalunci ne, kuma na san ba ni kaɗai ba ce domin duk gidan da na shiga a Kano yanzu, daga Hotoro har Rijiyar Zaki, in dai sun sa bilayin ya kwana biyu sai ka ga taga ɗaya ko biyu fallayen sun karkace, ko sandar tana lilo kana juyawa tana bin iska, ko an samu tsumma an ɗaure an haƙura. Ku kawo kaya, ku auna taga, ku yi lissafi da mita, ku karɓi transfa, sannan ranar da ɗan abin da ke juya fallayen ya lalace ku ce wai ba a sayar da shi daban, sai dai a sake sabo gaba ɗaya. Haba jama'a! A wace duniyar ake haka?

Ni nawa irin mai fallaye a kwance ne, na alminiyom, mai faɗin milimita 25, da sanda a gefe ɗaya da igiya a ɗaya gefen. Igiyar ita ke ɗaga shi sama ta sauke, sandar kuma ita ke kwantar da fallayen ko ta buɗe su. To sandar ce ta daina aiki. Da farko tauri ta fara yi, sai ka ji ƙas ƙas in kana murɗawa, daga baya ta saki gaba ɗaya, ka juya dama ka juya hagu fallayen ko gezau. Kuma a buɗe suka maƙale. Tagar falo ce, tana kallon layi, ga masu adaidaita sahu suna tsayawa a bakin gidan, ga majalisar samari a tsallake. Ni matar aure da 'yan mata a gida, da an kunna fitila da magariba duk wanda ya wuce yana hango mu tar. Dole in na shigo falona sai na yafa mayafi kamar mai zuwa unguwa, a cikin gidana fa. Ƙarshe zanin gado na samu na rataya a kai da abin shanya, a kan labulen da na kashe kuɗi masu ciwo na saya don falon ya yi kyan gani.

Na kira mai shagon, waya ta yi ta ringin ba a ɗauka. Na tura saƙo a WhatsApp, an karanta an yi shiru. Mutumin da lokacin da zan saya har bidiyo yake turo min na kaloli, Hajiya ga wannan, Hajiya wannan shi ake yayi, Hajiya wannan ɗan Turkiyya ne ba ya lalacewa. Da na gaji na hau adaidaita na same shi a shagon. Nace Alhaji, ga abin da ya faru. Ko ɗagowa bai yi sosai ba yace Hajiya ai yara ne suka yi wasa da shi. Nace Alhaji autana ya shiga sakandare, wane yaro ne zai yi lilo da sanda a gidana? Yace to ƙarfi aka sa masa. Nace na ji, ko ma mene ne a sayar min da ɗan injin a sa min, zan biya kuɗin aiki. Sai cewa yayi wai su ba sa kawo shi, a haɗe yake zuwa, amma zai min sauƙi in zan sake sabo, sai dai fa in sani dala ta tashi. Wannan dala ta tashi ɗin tun 2023 da aka saki naira ta zama bargon da kowa ke lulluɓa da shi, to mun ji ta tashi, amma dalar ce ta hana ku sako ɗan kwali ɗaya na kayan gyara a cikin kwantenar?

Abin da ya ƙara ƙona min rai shi ne da ƙanina ya zo, shi yana gyaran janareto da fanka, yace Yaya bari in sauke mu gani. Ya zare shi daga maƙalan bango ya kwantar a kan tabarma muka leƙa cikin kwaroron saman. Wallahi abin ba wani abin a zo a gani ba ne. Wani siririn ƙarfe ne ya ratsa kwaroron daga wannan ƙarshen zuwa wancan, a jikinsa akwai 'yan ganguna na roba, kowace ganga an maƙala mata zare biyu da suka sauko ƙasa, ɗaya ta gaban fallayen ɗaya ta baya, da 'yan zarurruka a tsakani da kowane falle ke kwance a kai. In ƙarfen ya juya sai ganga ta ja zaren gaba ta saki na baya, shi kenan fallaye su karkata. Shi kuma abin da ke juya ƙarfen wani ɗan akwati ne da bai fi babban yatsa ba, a inda sandar ke rataye. A cikinsa abu biyu ne kacal, ɗaya mai murɗi irin na jikin sukuru wanda sandar ke juyawa, ɗaya kuma zagayayye mai haƙora wanda ƙarfen ya bi ta tsakiyarsa. Murɗin ya tura haƙoran, haƙoran su juya ƙarfe. Ƙanina ya ɓalle shi ya miƙo min, haƙora wajen rabi sun shafe sumul, ramin tsakiyar da ya kamata ya riƙe ƙarfen shi ma ya tsage, ga ƙura ta cakuɗe da ɗan man da ke ciki ta zama baƙin dauɗa. Robar kuwa da ya danna ta da farce sai ta marmashe. Fallaye lafiya lau, zare lafiya lau, kwaroro lafiya, igiyar ɗagawa lafiya. Wannan 'yar robar ce kawai, ita ake so in zubar da labule guda saboda ita.

Kuma ba wata sabuwar fasaha ba ce da za a ce ba ta iso mu ba tukuna. Tun 1841 wani mutumin New Orleans a Amurka, John Hampson, ya yi rajistar dabarar karkata fallayen nan. Bilayin na alminiyom kuwa tun 1946 kamfanin Hunter Douglas ya fara fitar da shi kasuwa. A ƙasashen da ake ƙera shi ɗan injin nan ana sayar da shi shi kaɗai a leda, ka duba intanet ka gani, mutum ya saya ya zare tsoho ya zura sabo da hannunsa ba sai ya kira kowa ba. Kenan akwai shi, masu kawo mana ne suka ga sayar da sabo ya fi musu riba.

Ni abin ma da ke ban mamaki, Kano ce fa. Garin da ba a yar da komai. Wayarka ta faɗa ruwa ka kai Farm Centre yaro ɗan shekara ashirin ya buɗe ta ya tashe ta. Mota ta kwanta ka shiga Ƙofar Ruwa ka fito da abin da kake nema ko da na hannu ne. Takalmi, bokiti, tukunya, fitila, duk akwai mai gyara. Amma ƙanina ya sa 'yar robar nan a aljihu ya zaga wajen masu kayan gini, ya shiga Sabon Gari, ya tambayi masu ɗinkin labule, kowa ya juya ta a hannu yace ba ya da ita. Wani bawan Allah ne ma ya tausaya ya ciro masa ɗaya daga wani tsohon bilayin da aka jefar a bayan shagonsa, muka yi murna, da aka zo sakawa ashe ba ta shiga. Namu ƙarfen mai kusurwa shida ne, tasa ramin mai kusurwa huɗu ne, kuma tsayin akwatin ma ba ɗaya ba. Ashe kala-kala ne, akwai mai kusurwa shida, akwai mai huɗu, akwai wanda gefe ɗaya ne a shafe ragowar a zagaye. To wanda ya shigo da kayan shi ne kaɗai ya san irin nasa, in bai kawo abin gyaransa ba wa zai kawo?

Sannan ku da kanku kun san garin da kuke kawo wa kayan nan. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, tagar da ke kallon yamma kuwa daga la'asar ko hannu ba ka iya ɗorawa a ƙarfenta, kuma kwaroron nan yana manne a saman gilashi yana shan wannan rana kullum. Roba mara kwaliti in ta sha rana bushewa take ta yi ta karyewa, wannan ko mai sayar da bokiti ya sani. Zafi ya wuce damina ta wuce hunturu ya shigo da ƙurarsa, kwaroron kuma ta sama a buɗe yake, duk ƙurar da ta shigo ciki take sauka ta shiga tsakanin haƙoran tana cin su a hankali duk sanda ka murɗa. Akwai injin da ake yi da haƙoran ƙarfe, akwai mai roba mai kauri, amma sai a zaɓo mana mafi araha a sayar mana da kuɗin mai kyau, ana rantsuwa orijina ne. Ba risit na kirki, ba garanti, takardar da aka ba ni ma ba a rubuta komai ba sai yawan mita da kuɗi.

Kuma ko bayani ba sa yi. Yaran da aka turo suka huda bango suka rataya suka ɗau hoto suka tafi, ko sau ɗaya ba wanda yace Hajiya kafin ki ɗaga shi sama ki fara buɗe fallayen su kwanta daidai, ko kuma in kin ji sanda ta kai ƙarshe kar ki ƙara murɗawa, ko kar a ɗiga masa man keke ko man gyaɗa don mai shi ke kama ƙura. Duk wannan daga baya muka sani da bakin ƙanina. Maƙwabciyata nata irin na tsaye ne, masu dogayen fallaye da ake yawan sawa a ofis, da 'yar sarƙa mai ƙwallaye kamar carbi da ake ja fallayen su juya. Shi kuma kowane falle da nasa ɗan injin a cikin layin dogon da ke sama, da ɗan ƙugiyan roba da yake rataye a jiki. Ba wanda ya gaya mata cewa ba a jan shi gefe alhali fallayen suna rufe, sai an juya su sun buɗe tukuna. Yanzu wasu na kallon gabas wasu na kallon kudu, uku sun faɗo ƙugiyar ta karye, ita ma amsar da aka ba ta kenan, sai dai sabo. Na ji masu irin wanda ake kira dare da rana su ma suna kuka da injin sarƙar, in ya fara zamewa labulen ba ya tsayawa inda ka ajiye shi.

Wani abu kuma da ba a faɗa, kuma wannan ya fi kuɗi muhimmanci, igiyoyi da sarƙoƙin nan da ke reto har ƙasa haɗari ne ga ƙananan yara, yaro na iya zura wuya ya shaƙe. A Amurka tun ƙarshen 2018 aka canza ƙa'ida, bilayin da ake sayarwa a shirye a kanti dole ya zama mara igiya ko kuma igiyar ta kasance inda yaro ba zai kai ba. Mu nan ana rataya shi a ɗakin yara, a makarantun naziri, a asibiti, igiya na jan ƙasa, ko ɗan maƙalin da za a naɗe ta a bango ba a sawa, ballantana a ja kunnen uwa. Don Allah duk mai ƙaramin yaro ta je ta naɗe igiyar nan sama yau ɗin nan.

Kar wani yace min ai sai ki koma labulen yadi. Ina da shi, na san Kwari, ba yau na fara sayen yadi ba. Dalilin da yasa na sa bilayin shi ne fallayen nan, a zafin Kano da ba wuta ba fanka kana iya karkata su iska ta shigo haske ya shigo amma na waje bai ganka ba, rana kuma ba ta dako ka kai tsaye. Labulen yadi ko dai ka yaye kowa ya ganka ko ka saki ka dafu a ciki. Amfanin abin gaba ɗaya a wannan juyawar yake, in ta mutu to me aka saya?

Abin da nake nema ba mai yawa ba ne. Duk mai shigo da bilayin ya shigo da injin juyawarsa, da sanda, da ƙugiyoyi, da sarƙa, ya sa musu kuɗi ya ci ribarsa halak malak, ba kyauta muka ce ba. Ya koya wa yaran shagonsa canzawa, aikin da ƙanina yace bai kai cire fulogin janareto wahala ba. A rubuta wa mutum garanti a takarda ko na wata shida ne. In kuma robar banza ce a ciki a faɗa wa mai saye gaskiya tun farko ya zaɓa da idonsa a buɗe. Masu shirin saya kuma, amare da masu sabon gini, kafin ku tura ko sisi ku ce a buɗe muku kwaroron ku ga injin, ku tambaya ƙarfe ne ko roba, ku ce a nuna muku na canji a cikin shagon ku riƙe shi a hannu, in aka fara kame-kame ku fita ku bar masa kayansa.

Ni dai ban haƙura ba. Ranar Asabar zan koma shagon tare da maigidan da ƙanina da labulen gaba ɗaya a naɗe, ko ya ciro injin daga cikin waɗanda ya rataya na talla ya sa min in biya shi, ko mu je gaban shugabannin kasuwar ya maimaita musu cewa yara ne suka yi wasa da shi.