Giyar ɓoye da hantar mai shanta

A Yamai babu wanda bai san giya haramun ce ba, ko yaron makarantar allo ya sani. Abin da ba mu cika sani ba shi ne ɓarnar da take yi a cikin jiki, kuma a ganina kunyar da muka lulluɓe zancen da ita tana ƙara wa mashayinmu ciwo.

Dubi yadda ake shanta a nan. Mai tsoron idon unguwa ba ya zama ya kurɓa a hankali. Ƴar kwalba mai zafi yake saye, ya laɓe bayan shago ya kwankwaɗe a tsaye, galibi cikinsa wayam, ya jefa cingam a baki ya hau babur. Ita kuwa hanta ba ta san gaggawa ba. Abin da take iya sarrafawa cikin awa guda bai wuce kimanin giram 10 na zallar barasa ba. Sauran sai ya yi ta yawo a jini, ya dagula ƙwaƙwalwa, ya sa ƙoda zubar da ruwa, a garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40.

Wanda hantar ta sarrafa ma ba a tsira ba, domin tana fara mayar da shi wata guba mai suna asetaldehid, mai lalata ƙwayoyin jiki. Tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji da ke Liyon a Faransa ta sa giya a sahun farko na abubuwan da ke haddasa sankara, sahu ɗaya da taba. Tana da hannu a sankarar baki, maƙogwaro, hanta, babban hanji da nono. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kaɗai giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6.

Mu kuma muna da namu ƙarin nauyin. Afirka ta Yamma na cikin inda ciwon hanta nau'in B ya fi yawa a duniya, kuma da yawanmu tun muna goye muka ɗauka ba mu sani ba. Zuba giya kan irin wannan hanta, ana kukan targaɗe ne sai ga karaya. Hanta ba ta da ƙorafi. Kitse take fara tarawa, wanda kan narke in an daina sha. In aka ci gaba sai ta yi tabo ta ƙanƙance, wannan kuwa da wuya ya koma. Ran da ido ya yi ɗorawa, ciki ya cika da ruwa, ƙafa ta kumbura, sai dangi su ce shawara ce ko sammu, a shiga jiƙe-jiƙe. In an kai ga likita, aka tambaye shi gaban matarsa da surukinsa, "Malam, kana sha?", me ake zaton zai ce in ba "Allah ya kiyaye" ba?

Abin da ya fi damuna shi ne mai son tuba. Wanda ya shekara yana sha kullum, in ya yanke dare ɗaya, kamar yadda wasu ke yi da kamawar azumi, jikinsa kan ɗauki rawa da gumi, wani ya faɗi kamar mai farfaɗiya, zuwa kwana biyu ko uku ya fara ganin abin da babu. Sai a ce aljanu ne, a rufe shi a ɗaki. Wannan hali yana kisa, alhali a asibiti akwai maganin da ke sauke shi lafiya.

Na san wani zai ce irin wannan zance sassauci ne ga mai saɓo. Ban yarda ba. Malam ya ci gaba da wa'azinsa, aikinsa ne, amma ya haɗa da cewa mai niyyar bari ya fara ganin likita. Shi ma likitan ya riƙa fitar da ƴan rakiya waje kafin ya yi tambayar, sannan ya sa a auna jinin mutumin a ga ko yana ɗauke da nau'in B, tun hantar na da sauran ƙarfi.