Ranar da Na Kusa Warware Auren Ƙanina

Tun sati biyu kafin ɗaurin auren na rubuta wa ogana na Berlin a Jamus, wanda nake yi wa aikin manhaja daga gida, cewa ranar Juma'a ba na nan. Ya turo min hoton babban yatsa. Shi ke nan, na ɗauka mun gama.

An idar da sallar Juma'a, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan su amarya, Baffa shi ne wakilin ango, ni kuma sadaki ke aljihuna. Sai waya ta motsa. Slack, manhajar saƙonnin ofis. Jajayen alamomi uku, wai gaggawa, wai in shigo Zoom yanzu-yanzu. Mai hankali kashe waya zai yi. Ni kuwa sai na zura abin sauraro a kunne ɗaya, na janyo hula na rufe shi, na sunkuyar da kai kamar mai lazimi.

Liman ya yi huɗuba. Waliyyin amarya ya ce sun bayar. A kunnena kuma wani sabon yaro da aka ɗauka watan jiya yana cewa bari ya tura gyaran kai tsaye kan manhajar da jama'a ke amfani da ita. Ranar Juma'a da yamma! Ko ɗan koyo ya san ba a yin haka. Liman ya juyo wajenmu ya ce, "Kun karɓa?" Baffa ya buɗe baki kenan, ni kuma na ɗaga murya: "No! No! No!"

Lasifikar tana gabana. Har bakin titi an ji.

Wallahi har yanzu ina ganin fuskar waliyyin nan. Hannunsa na cikin ledar goro, ya tsaya a nan, bai fito da shi ba. Sanƙira da ya ja numfashi zai yi shela ya haɗiye abarsa. Ango ya kalle ni irin kallon da ake yi wa wanda ya ci amana. Wani tsoho a baya ya ce, "Dama akwai magana a ƙasa?" Na ce a'a, da Jamus nake. Wannan bayanin ya ƙara ɓata lamarin.

Baffa kuwa, kun san shi. Shekara huɗu yana gaya wa dangi bai yarda aiki nake yi ba, wai wane irin aiki ne mutum na ɗaki da gajeren wando yana danne-danne ana turo masa kuɗin Turawa. Ya taɓa tambayar Hajiya a ɓoye ko ɗan Yahoo ne ni. Shi da na sayo wa waya a Farm Centre, na kuma zuba masa lambobi ɗaya bayan ɗaya! Ranar ya samu abin da yake nema. Ya ce "Mun karɓa" sau biyu, ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba: "Kawo kuɗin, Bature."

Gaggawar fa? Launin wani maɓalli ne, shuɗin ya yi duhu, a shafin da sai wata mai zuwa za a buɗe. An ce tun 2017 Faransa ta ba ma'aikata haƙƙin ƙin amsa saƙon ofis bayan an tashi. Ni da hutuna a rubuce na amsa.

Ranar Litinin na gyara launin cikin minti huɗu. Har yau ba wanda ya duba, oga ya tafi hutu. Dangin amarya dai "No-No" suke kirana, har yara.