Ɗan jagoran makaho da dokar hana bara a Sifaniya

A 1554 wani ɗan ƙaramin littafi ya fito a Sifaniya babu sunan marubuci, Lazarillo de Tormes. Mai ba da labarin yaro ne mai suna Lazaro daga yankin Salamanca wanda uwarsa ta miƙa wa wani makaho ya zama ɗan jagoransa. A ganina littafin nan ya fi waɗanda suka biyo sahunsa yi wa talaka adalci, domin ya bar mai jin yunwa ya faɗi da bakinsa wa ya hana shi ci.

Lazaro yana sata, bai kuma ɓoye ba. To amma a dubi iyayen gidansa. Limamin coci a Maqueda ya kulle burodi cikin akwati, yaro na ramewa a gabansa. Sai wani mai tinƙaho da asali a Toledo, ga takobi ga alkyabba, gida kuwa babu ko loma, har yaron ne ke fita bara ya ciyar da ubangidansa. Ana cikin haka hukumar gari ta yi shela: bana hatsi bai yi ba, baƙin mabarata su fice ko su sha bulala.

Marubucin bai ƙagi wannan daga iska ba. Dokar 1540 ta hana mutum bara sai a garinsu, kuma da takardar izini. A 1545 malaman coci biyu suka kara a rubuce. Juan de Robles ya goyi bayan a tara sadaka a raba wa waɗanda aka tantance, Domingo de Soto kuwa ya ce babu hurumin hana talaka roƙo muddin ba a tanadar masa abin kai wa baki ba. Wanda ya bi muhawarar hana bara a Kano a 2020 ya san wannan gardama, kuma ni ina bayan Soto.

Coci ta haramta littafin a 1559, sai a 1573 ya dawo an yanke babin da Lazaro ya yi wa wani mai sayar da takardun gafarar zunubi na coci aiki.

Daga nan alƙalami ya juya. Littafin Guzmán de Alfarache na Mateo Alemán, a 1599, ya baje dabarun mabarata a Roma, har da gyambon ƙarya, abin da ke sa mai karatu zargin duk mai miƙo hannu. Marubuci Quevedo ya wuce nan a littafinsa Buscón, 1626: Pablos, mai ba da labarin, ɗan wani wanzami ne ɓarawo, kuma duk lokacin da ya yunƙura ya shiga sahun manya sai marubucin, wanda shi kansa ɗan manya ne, ya jawo shi ƙasa ya tara masa 'yan kallo.