Wane irin ruwan abarba? Babu wanda ya gaya mana

Har yanzu raina a ɓace yake. Mahaifina ya kwashe makonni yana fama da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, idanunsa sun yi rawaya. Likita ya ce yana zargin tsakuwa ce ta toshe hanyar ruwan matsarmama, ya tura mu hoton MRI (hoton cikin jiki da na'urar maganaɗisu ke ɗauka) irin wanda ake kira MRCP, mai nuna hanyar ruwan matsarmama. A wurin ɗaukar hoton, ma'aikaciyar ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce: "Kada ya ci komai na awa 6, ku taho da lemon abarba." Iyakar bayanin ke nan.

Na sayo na kwali mai hoton abarba a jiki. Baba ya sha, aka tura shi cikin ramin na'urar nan mai ƙara kamar ana buga ƙarfe. Tsoho mai ciwo, cikinsa babu komai tun dare, ana ta ce masa, "Baba, riƙe numfashi, kada ka motsa," fiye da rabin awa. Da ya fito hannunsa na rawa. Sai ga mai ɗaukar hoton ya juya kwalin da ke hannuna, ya karanta bayansa, ya ce, "Ai wannan yawancinsa ruwa ne da sukari, hoton bai fito ba."

A nan ne fa aka ga damar yi mini bayanin da ya kamata in ji tun farko. A irin wannan hoto, duk ruwan da ke kwance a jiki fari yake fitowa. Ruwan matsarmama fari, ruwan da ke cikin tumbi da farkon ƙaramin hanji shi ma fari, sai ya hau kan hanyar da ake nema ya rufe ta. Ruwan abarba zalla yana ɗauke da sinadarin manganis, wanda yake mayar da ruwan tumbin baƙi a hoton, hanyar matsarmama ta fito sarai. Wanda aka tsinka da ruwa kuwa, manganis ɗinsa bai taka kara ya karya ba.

To, don Allah, faɗin wannan zai ci minti nawa? Shan ruwan abarban yana da kyau, ni shaida ne: ɗan itace ne, ba ya tayar da zuciya, tsoho zai shanye ba tare da yamutsa fuska ba. Amma in asibiti ya ɗora wa majinyaci nemo abin da hoto ya dogara a kansa, wajibi ne ya rubuta masa: zalla, kofi nawa, minti nawa kafin shiga. Ko su ajiye nasu su riƙa bayarwa. Ko tambayar yana da ciwon sukari ba a yi ba, alhali abu mai zaƙi aka sa shi ya sha bayan yunwar awa 6!

An ba mu wata ranar, nan da kwana 9. Jiya Baba bai runtsa ba, ƙaiƙayin shawara ya sa ya sosa damtsensa har jini.