Furodusa ba ya sayen labarin da ke cikin kai

Makon jiya ƙanin wani abokina ya same ni a Tudun Wada ta Kaduna, fuska a murtuke. Wata uku da suka wuce ya haɗu da wani furodusa a wajen ɗaurin aure, ya ja shi gefe, ya zazzage masa labarin fim ɗin da ya shekara yana saƙawa. Mutumin ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ƙanena, wannan labari ya yi, zan neme ka." Shiru kake ji. Yanzu yaron ya ga tallar wani shiri a YouTube, ya rantse nasa ne aka sauya wa suna. Na ce masa, to ina rubutun? Ya ce, "Yaya, ai duk yana kaina."

Na tausaya masa, amma ban goyi bayansa ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ba ta kare tunanin da ke yawo a zuciya. Abin da take karewa shi ne aikin da aka fitar, aka rubuta ko aka naɗa. Yarinya talaka ta auri ɗan mai kuɗi, uwar miji ta ce ba ta san zancen ba: wannan ba mallakin kowa ba ne, kakanninmu ma sun ji irinsa a dandali. Naka shi ne yadda ka gina mutanen, da maganganun da ka sa a bakinsu, da yadda ka jera fitowa bayan fitowa. Wannan kuwa sai a takarda.

Matasanmu da yawa ba su gane cewa kunnen furodusa daban yake da na mai kallo ba. Kai kana ba shi labarin yadda jarumar ta fashe da kuka a filin jirgin sama, shi kuma yana lissafin abin da zai kashe kafin a bar shi ya kafa kyamara a wurin. Ka ce an yi hatsarin mota, ya ji kuɗin mota. Ka ce biki na kece raini, ya ji abincin mutum ɗari da hayar zaure da man janareto. Tun da kasuwar kaset da faifai ta Ƙofar Wambai a Kano ta durƙushe, harka ta koma fim mai dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. A wannan kasuwar tambayar ɗaya ce: me zai sa mai kallo ya sake sayen data mako mai zuwa? Marubucin da ya shiga ofis da shafi ɗaya ko biyu, ya nuna labarin wane ne, me yake nema, wa ya tare masa hanya, lokeshan (wurin ɗaukar fim) nawa ake buƙata, kuma a ina kashi na farko zai tsaya ya bar mutane da ƙishi, ya riga ya yi wa mai baki zalla nisa. In da hali ya haɗa da cikakken rubutun kashi na farko, don a ga ya iya sa mutane magana kamar mutane.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne irin labaran da 'yan Kaduna ke kaiwa. Kusan duk kwaikwayon abin da Kano ta riga ta yi ne, alhali garin nan ya san wasan kwaikwayo a rediyo da talabijin tun kafin a fara fim ɗin bidiyo na Hausa a Kano a 1990. Marigayi Usman Baba Pategi, Samanja, da Hausar bariki ya yi suna, saboda ya saurari yadda sojojin da ya zauna da su suke magana. Marigayi Ƙasimu Yero ma a nan ya yi tashensa. Yau wa ya rubuta mana labarin tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri, wanda ya ga zamanin da jiniya ke tashin unguwa, ya kuma ga ranar da aka garƙame ƙofa? Masaƙar farko a can ta fara aiki tun 1957. Ga Rigasa da tashar jirgin ƙasanta, ga maƙwabtan da kogi ya raba bayan rikicin 2000, wani ya koma Kawo, wani ya koma Sabon Tasha, 'ya'yansu kuma suka haɗu a jami'a. Furodusa mai hankali zai miƙe zaune in ya ji abin da babu shi a kasuwa.

Ban wanke furodusoshi ba. Akwai masu ɗaukar marubuci kamar ɗan aike, a biya jarumi da mai kwalliya, shi kuma a ce masa "za mu sa sunanka". Maganin wannan ba ɓoye labari ba ne. Ka tura rubutunka ta imel ko WhatsApp don kwanan wata ya zauna shaida, in ka samu dama ka yi masa rajista a hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa. In an zo ciniki, a rubuta nawa ne kowane kashi, yaushe za a biya, wa ke da ikon sauya labarin. Na san kunyarmu, yaro ya ce wa Alhaji a kawo takarda sai a ga kamar rashin yarda ne. To ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, umarni take yi a rubuta bashi a kafa shaidu. In Alhaji ya ɓata rai don ka nemi haka, ka gode masa ka ɗauki takardarka.

Da yaron ya huce, ya ce yana da wani labarin, na wani tela a Kasuwar Barci da ya ɗinka kayan auren matar da ya so. Ya gyara zama zai fara, na dakatar da shi. Mun yi da shi ranar Asabar zai kawo mini shafi biyu.